Sunan da Ban Kira Ba

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Ƙanwarka Khadija ce take rubuta mini, ni ina faɗa.

Ka san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara talatin da ɗaya ban kira naka ba. Sai dai in ce, “Khadija, gaya wa yayanki abinci ya sauka,” kai kuwa kana zaune a gabana.

Na tuna ranar da ka dawo daga sito a unguwar Kurayyat, nan Jidda, da fenti a hannu. Tsohon nan ɗan Hong Kong da kake yi wa aiki ya koya maka wani harafi na yarensu. Ka zana shi a matakalar ƙasa ta gidanmu na unguwar Karantina. Ka ce ma'anarsa matakalar gadon sarauta, wai a da mutanensu ba sa yi wa sarki magana kai tsaye, sai su yi da wanda ke tsaye a gindin matakala. Ka ce, “Umma, ashe sarki kika mai da ni.” Na yi dariya, na ce ka goge kafin mai gida ya gani. Ba ka goge ba. Motar rusau ce ta goge shi, har da gidan.

Da ciwonka ya yi tsanani a asibiti, mustashfa kamar yadda ake cewa a nan, ka riƙe hannuna ka ce, “Umma, sau ɗaya dai, ki kira ni.” Akwai mutane a ɗakin. Na sunkuyar da kai, na ce Khadija ta gyara maka filo. Na ɗauka akwai gobe.

Bayan kwana biyu na je karɓar takardar rasuwa. Ma'aikacin bayan gilashi ya tambayi sunan mamaci, ko ɗagowa bai yi ba. Na faɗa. Bai ji ba, na sake faɗa da ƙarfi. Ya buga hatimi ya ce halas, wato shi ke nan.

Abin da ka roƙe ni na hana ka, wani baƙo ya same shi sau biyu, bai ma san ya samu ba. Wannan ne yake cin raina. Ka yafe mini, ɗana.

Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haɗa mu inda ba kunya tsakanin uwa da ɗa. Allah Ya jiƙanka, Usman.

Mahaifiyarka,
daga ɗakin haya a Jidda.