Almakashin Gwaggo Kalolaine

Litinin, 3 ga Fabrairu
Fasto ya zo da hantsi, hula a hannu. Jirgin kayan da ɗana Sitaleki ke aiki a ciki ya nutse, tafiyar kwana huɗu daga kowace gaɓa. Guguwa ce ta raba shi biyu, mutum ashirin da uku a ciki. Sau nawa na ce wa yaron nan kwalekwalen ubansa ya ishe shi? Ya ce, "Mama, wannan jirgin ya fi cocinmu tsawo sau biyar." Girman kai ke nan. Teku ba ta awo.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Na sa baƙaƙen kaya, na ɗaura tabarmar makoki a ƙugu, yadda al'adarmu take. Kowa a gidan ya ɗaura sai Meleane, matarsa. Wai ba ta ga gawa ba. Yaran zamani!

Asabar, 8 ga Fabrairu
Gwaggonsa Kalolaine ta iso daga garin Pangai da almakashi a jaka. Ƙanwar ubansa ce, maganarta ita ce doka a makokinsa. Ranar goma za ta yanke gashin matan gidan, daga nan kowa ya san mun sallama shi. Meleane ta ce, "Gwaggo, ki yanke mini yatsa in kina so, amma ya ce kar in taɓa gashin nan sai ya dawo." Gwaggo ta ce, "To, 'yar sarauniya, kifi ne zai zo ya yaba miki kitso?" Na tsawata wa yarinyar a gaban mutane. Daidai na yi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu
Ban iya rera waƙar farko a coci ba. Mura ce.

Talata, 11 ga Fabrairu
Ina ɓare rogo Meleane ta zo ta zauna, ban kira ta ba. Ta ce kamfanin ya ce jirgin ceto ɗaya na roba ba a gan shi cikin tarkacen ba. "Mama, ba ke kika hana shi ruwa yini guda ba, da ya zubar da na tanki? Ya san darajar ɗigo." Na ce ta rufe mini baki. Ashe ya gaya mata wannan. Shekararsa tara lokacin.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Ranar goma. Mata sun zauna, an shimfiɗa tabarmi, almakashi ya ɓata. Gwaggo ta zazzage jakarta sau uku, ta zargi kowa har kare. Maƙwabta suka ce nasu ya dakushe, dukansu. Na ce abin kunya ne gida ya rasa tsari haka. An ɗaga zuwa mako mai zuwa.

Litinin, 17 ga Fabrairu
Fasto da gudu, ba hula. Masuntan wata ƙasa sun tsinci jirgin roba, mutum tara. Sunansa na shida. Wai shi ke raba musu ruwan sama da murfin kwalba, har suna zaginsa da rowa. Sha huɗu ba su dawo ba, za mu ci gaba da sa baƙi saboda iyayensu. Meleane ta faɗo jikina, na ce ta tashi, mutane na kallo.

Laraba, 19 ga Fabrairu
Na shafa mata man kwakwa na taje mata kai, don kawai ya yi datti. Har yanzu tana da taurin kai, kuma zan gaya wa mijinta. Almakashin Gwaggo yana ƙasan buhun gari. Sai in wanke shi kafin in ce na tsinta.