Gyaran Inna da Gawayin Kufan Maƙera

Zuwa ga Farfesa, Shugaban Sashen Binciken Kayan Tarihi na jami'ar da ta turo mana masu tona ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka, da iyali, da ma'aikatanka baki ɗaya, ina kuma gaida na'urar nan taku ta ƙasar waje, wadda ban taɓa gani ba amma ta hana gidanmu sakat.

Ranka ya daɗe, sunana Lawali, daga wani ƙauye gab da Karare a ƙasar Batsari. Ɗinki nake yi, amma a gindin zugazugi na tashi, domin gidanmu gidan ƙira ne. Na rubuto a fili saboda na yi magana a asirce an yi mini kunnen uwar shegu.

Gabas da garinmu akwai wani kufai cike da kashin maƙera, inda kakanninmu suka narka tama. Saboda kufan nan ne sarautar Sarkin Maƙera take gidanmu, don a wurinmu gidan da ya fara hura wuta a gari shi ke riƙe da rawani. Akwai wani gidan ƙira kuma, na Alhaji Mati, da suka daɗe suna cewa sun riga mu zuwa, ba mai sauraronsu. Mahaifinmu ya rasu da kakar bara, kowa kuwa ya san wana, Yaya Isiyaku, za a naɗa. Ana cikin haka mutanenka suka iso.

Na farko. Da bazara Daktanku ya zo da tawagarsa, da igiyoyi da buroshi da cokalin magina. Mu muka sauke su. Ɗakin marigayi muka share musu, mahaifiyarmu Inna ta riƙa dama musu fura da nonon da take aikawa a sayo a ruga. Kwana da kwanaki suna tsugune cikin rana suna share ƙasa da buroshi kamar masu neman ɗan kunnen da ya faɗi. Abin da suka samu kuwa, Farfesa, gawayi ne ƙanana ƙanana, wasu ba su kai ƙwayar dawa ba. Da hantsaki suke ɗauka, su naɗe a takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin taba, su rubuta lamba, su sa a akwati. Duk wannan hidimar, babu wanda ya zauna ya gaya mana da Hausa me za a yi da shi. Da na tambaya, Dakta ya ce za a auna. To mu abin da muka sani ana auna gawayi da shi buhu ne ko kwando.

Na biyu, kuma nan gizo yake saƙar. Ranar Juma'ar da za su tafi, duk mun tafi masallaci, Inna ta shiga share musu ɗaki. Ta buɗe akwatin ta ga abin da baƙinta za su koma gida da shi. Ka sa kanka a matsayinta. Matar Sarkin Maƙera ce, tun tana amarya ba a taɓa shigowa gidan nan neman gawayi an fita da abin da bai cika ƙwarya ba. Yanzu ga mutane sun taso daga birni, sun biyo hanyar nan da mu kanmu sai mun yi addu'a muke hawanta, a kan gawayi, sannan su bar gidan maƙera da ɗan abin da ko turaren wuta ba zai kunna ba? A je a faɗa a birni? Inna ta nufi maƙera ta zaɓo gawayin ƙirya, mai nauyi, mai ƙara in an buga, ta farfasa shi daidai, ta kwance kowane ƙulli ta ƙara masa gyara, ta mayar ta naɗe tsaf yadda take naɗe daddawa. Ba ta gaya wa kowa ba, don ita a wurinta mai kyauta ba ya shela.

Ina so ka lura, Farfesa, ban zo ba da haƙuri a kan wannan ba. A kasuwar Batsari ko barkono ka saya ba a yi maka gyara ba, sai ka riƙe mai shi a zuciya. Akwatin ba kwaɗo, ba gargaɗi, an ajiye shi a ɗakin mijinta. Laifin wa?

Na uku. Da damina ta kankama sai ga saƙon Dakta a wayar Mai Gari, aka karanta a zaure gaban jama'a. Wai na'ura ta ce gawayin kufanmu na zamanin nan ne, itacen da aka ƙona bai daɗe da faɗuwa ba. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba, sai tarin Alhaji Mati, wanda kowa ya san ba mura yake yi ba. Kufan da tsamiya ta tsiro a tsakiyarsa har ta tsufa ta yi kogo, wai keken ɗinkina ya girme shi!

Tun daga ranar muka shiga uku. Alhaji Mati in ya gamu da Yaya sai ya duƙa har ƙasa ya yi masa sannu da zuwa, ya tambaye shi ya hanya, ya mutanen gida, ko ya fara sabawa da ruwan garin. Matasan gidansu sun laƙaba mana Maƙeran Bana. Wani manomi daga wajen Ruma da ya shekara da shekaru yana kawo mana garma ya wuce ƙofarmu da ita a kafaɗa, ya ce shi ba ya ba ɗan koyo aikinsa. Yaya Isiyaku, mutum mai furfura, wanda tafin hannunsa ya fi ƙasan takalmi tauri, shi ne ɗan koyo. Ya daina zuwa kasuwa. Mai Gari kuma ya ce tunda ilimi ya yi magana, a dakatar da naɗi sai bayan girbi, in ba a zo da wata hujja ba rawani ya koma gidan Mati.

Na huɗu. Yadda asiri ya tonu, Inna ce da bakinta. Muna cin tuwo take mita cewa mutanen birni ba su da godiya, ta yi musu gyara da ƙiryarta mai kyau ko saƙon an gode ba su aiko ba. Na tambaye ta wane gyara, ta kwashe labarin akwatin ta gaya mana. Washegari na hau tudun da ake samun sabis na kira Dakta. A ranar ne, bayan aikin gama ya gama, ya yi mini bayanin da ya kamata ya yi tun farko. Ya ce kowane itace yana shaƙar wani sinadari daga iska, in an sare shi sai sinadarin ya riƙa raguwa kaɗan kaɗan, na'ura kuma ragowar take aunawa ta faɗi shekaru. Ya ce masu awon in sun buɗe ƙulli, gutsuren da ya fi girma da tsabta suke zaɓa. Ai kuwa dole su zaɓi na Inna, ba ta ba baƙo abin banza. Ashe ƙiryar da Yaya ya ƙona da rani aka ɗauka a jirgin sama aka kai Turai, aka dawo aka gaya mana sabuwa ce. Wannan ko ni da na gaya muku kyauta.

Dakta ya yi salati, ya yi dariya har na ji yana buga tebur, sannan ya ce in rufa masa asiri, rahoto ya riga ya hau sama, hanya kuma ba kyau. Tun daga nan wayarsa ba ta shiga. Na kai wa Mai Gari labari, ya ce ya yarda da ni, amma maganar ɗan gida ba ta ture maganar na'ura. Alhaji Mati kuwa cewa ya yi da ma ya san za mu laɓe bayan tsohuwa.

Saboda haka ga roƙona. Ka rubuto wa Mai Gari da Hausa, da hatiminka, cewa awon farko ya gurɓata, a karanta a zauren da aka karanta na farko. Ka sa a dawo a ɗebi wani gawayin daga ƙasan ramin, mu za mu tarbe su a Batsari mu rako su. Kuma duk garin da za ku shiga nan gaba, ku fara tara matan gida ku yi musu bayani. Ba na roƙon a ƙara mana ko shekara ɗaya. Abin da na'ura ta faɗa a kan gawayin kakanninmu na gaskiya, mun ɗauka, ko da gidan Mati zai yi wa daɗi. Sai dai a hanzarta, gero ya riga ya fid da kai.

Kafin in aiko da takardar nan na karanta wa Inna, tunda sunanta zai shiga duniya. Na zaci za ta hana. Sai ta ce in dai tsohon abu suke nema su zo su auna ta, ta gaya musu wanda ya riga wani. Na ce mata na'urar ba ta auna mai rai. Ta ajiye ludayin furar da take sha. Can ta ce to in rubuta, in sa sunanta da kyau, in ce su yi sauri, don ba ta son ta je lahira ta iske Malam, mahaifinmu, da labarin cewa rawaninsa ta hannunta ya bar gida. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta tashi ta bar furarta a ƙwarya ba sai ranar, kuma wallahi abin ya dame ni fiye da duk ba'ar gidan Mati.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ku a hanya, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Wassalam.

Naka, Lawali Tela, ƙanen Isiyaku Maƙeri.