Na Ƙara wa Kwamfutarka Gudu, Yaya

Layin Tasha, Kafanchan
20 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Yayana Umar Faruk,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa maka zaman Fatakwal. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Damina ta yi albarka, cittar bana har ta fi ta bara kyau a gonaki. Ruƙayyatu ta zo daga Keffi watan jiya, ta share ɗakin Inna, ta yi kukanta, ta kwana biyu ta koma gidan mijinta. Tun rasuwar Inna gidan nan ya yi mini girma, Yaya. Na daina hura wuta, don tuwon mutum ɗaya ba ya daɗi ko da man shanu. In na rufe shago, sai in biya wurin mai shayi in cika cikina in shige.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne in kai ƙarar kaina wurinka. Ranar da za ka tafi ka bar mini shagon buga takardu, ka ce in yi duk abin da na ga dama amma kada in buɗe cikin kwamfutar. To na buɗe. Kafin ka ɗaure fuska, injinka lafiyarsa ƙalau, ko hayaƙi bai yi ba. Ɓarnar a wani wuri take.

Ka tuna Baba Dogara, tsohon direban jirgin ƙasa, mai farar hular nan da ke zuwa a buga masa takardun fansho. Bayan tafiyarka ya zo da niyyar a haɗa masa littafin tarihinsa saboda jikoki. Rubutun mun gama tun tsakiyar damina, saura hotuna, kusan casa'in, cike da wani tsohon gwangwanin biskit. Ka san halin injin nan da hoto. Kafin sikana ta ɗauka, a goge tabon ruwa, a zaunar da shi a shafi, a adana, sai ka sha shayi ka wanke kofi. Hoto biyu muke yi a rana, in wuta ta yi kirki uku. A cikin wannan jiran ne Baba yake ba ni labarin kowane hoto: ranar da ya fara hawan dutsen Kagoro da injin gawayi, fayamansa da ke rera waƙoƙin coci yana zuba gawayi, matarsa marigayiya Angelina da ta taɓa tsayar da jirgi da ɗankwali don ya manta da abincinsa. Da ƙarfe tara yake zuwa, ko minti ba ya ƙarawa, da dafaffiyar gyaɗa a aljihu. In azahar ta yi ya tsare mini shago in je masallaci. Ba zan ɓoye maka ba, wata rana in ka cire sallamar masu kawo aiki, shi kaɗai ne mutumin da nake magana da shi. Abokanmu duk sun watse, wasu tun rikicin nan, wasu neman abinci ya kai su Abuja.

'Yarsa Caroline, wadda ke aikin jinya a Gwantu, ta daɗe tana matsa masa ya koma wurinta, tunda shi ma shi kaɗai ne a gida kuma ƙafa ta fara ba shi wahala. A gabana ya ce mata sai littafi ya ƙare, ranar da ya ƙare kuwa ta kawo mota. Mun lissafa zai kai ƙarshen damina, ƙila ya wuce. Na ji wannan magana da kunnena, Yaya. Ka riƙe ta.

Sai ga mujallar kwamfutar nan da ka aiko mini. Kai ma da naka laifin, don da ba ka aiko ba da ban san ana iya tilasta wa inji ya wuce gudun da aka rubuta masa ba. Na karanta shafin har ya yi laushi, na tono ɗan littafin madabod, wato babban allon da ke cikin injin, daga ƙasan durowa. Wata Lahadi da hantsi na shiga bayos, inda saitin injin yake, na tarar da abin mamaki: kash, ɗan ma'ajin nan da ke sa firosesa, ƙwaƙwalwar injin, sauri, a kashe yake, memori kuma an sa shi a kan mafi nawar saiti. Ashe shekara biyu muna tuƙa mota da birki a take. Na kunna kash, na rage wa memori lokacin jira. Nan ya kamata in tsaya, amma ka san ƙaninka, in ya ga hanya sai ya ga ƙarshenta. Na kwance murfin, na ɗauko hantsakin Inna na cire ƙaya, na shiga matsar da jampa, 'yan hulunan robar nan da ba su kai ƙwayar wake ba. Na ɗaga gudun daga ɗari da talatin da uku zuwa ɗari da sittin da shida. Na ƙara matsawa sama, sai allon ya daskare, linzami ya ƙi motsi, ƙarfen da ke kan firosesa ya yi zafin da za a soya ƙwai. Na dawo baya taki ɗaya, na sassauta wa memori, na bar murfin a buɗe na saita masa fankar tebur. Ya tashi, ya yini yana aiki bai yi tari ba. Rabon da in ji daɗi irin na ranar tun Inna tana raye, sai dai na juya in nuna wa wani, babu kowa.

Da Baba ya zo ranar Litinin, na sa hoto a sikana ina ta murmushi. Bai gama ɓare gyaɗa ta uku ba, bai ma kai ga sunan mutanen da ke ciki ba, hoto ya zauna a shafi. Na ce ya miƙo na gaba. Ya dube ni, ya dubi injin, ya tambaya wa ya ba shi magani. Na yi ta zuba masa bayanin jampa da memori, shi kuwa ya ce a zamaninsu direban da ya isa tasha kafin lokaci tara ake cin sa daidai da wanda ya makara. Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ran nan hoto goma sha ɗaya muka yi, labari ko ɗaya bai kai ƙarshe ba. Washegari ya zo da huɗu kacal, wai ya manta da gwangwanin. Ranar Laraba ma haka. Mutumin da bai taɓa manta minti ɗaya ba! Ni kuma da wautata na ɗauka tsufa ne, na raka shi har gida na karɓo gwangwanin wai in hutar da shi. Ranar Asabar na zauna ni kaɗai na gama duka, ina zuba hotuna ba na ko kallon fuskokin da ke ciki.

Na miƙa masa littafin an ɗinke shi da kyau, ina jiran yabo. Ya yaba kuwa, ya sa mini albarka, ya ce Ubangiji Ya biya ni. Ya daɗe yana shafa bangon, sannan ya ce to, ya yi wa Caroline alkawari, kuma ma'aikacin reluwe ba ya saɓa lokacin da ya faɗa da bakinsa. A nan ne kaina ya waye. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Ranar Alhamis ɗin makon jiya motar ta tsaya a ƙofar shago, kayansa a ɗaure a baya. Bai iya saukowa ba saboda ƙafar, sai ya kira ni ya miƙo mini hoto ɗaya ta taga. Samari biyu ne a bakin tasha, ɗaya da kayan reluwe, ɗaya da huhun goro a kafaɗa, sun dafa juna suna dariya. Yaya, mai goron Babanmu ne. Ban taɓa ganin Babanmu da ƙuruciyarsa ba, ban kuma san sun san juna haka ba. Hoton yana cikin waɗanda na zuba ranar Asabar, ya bi ta hannuna ban gane mahaifina ba. Baba Dogara ya ce ya ajiye shi ne ya zama na ƙarshe, don labarinsa yana da tsawo, yana buƙatar inji mai haƙuri. Direba ya danna ham, hadari ya taso, suka tafi.

Washegari na mayar da kowace jampa inda na same ta, na koma bayos na kashe kash ɗin, na rufe murfin. Masu kawo katin biki suna ta ƙorafi wai injin ya koma gidan jiya, na ce musu zafi yake yi. Yanzu jiran ya dawo yadda yake, bencin da Baba Dogara ke zama ne babu kowa. Ƙarfe tara tana yi sai in ga ina kallon ƙofa. Wannan wasiƙar ma a cikin jiran nake rubuta ta. Ina so in tambaye ka, kai ka kashe kash ɗin nan da hannunka, ko haka ka sayo injin? Na tuna yadda bencin nan yake cika a zamaninka, shi ya sa nake zarginka.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya yarda, zan rufe shago in hau motar Gwantu da hoton a aljihu. In ka san labarinsa, don Allah kada ka rubuto mini. Zan je in zauna in ji daga bakin mai shi, ko da zai kai mu magariba.

Ka gaishe mini da Anti Fatimatuzzahra'u da kyau, da Jamiluddeen, da 'yar ɗakina Zamzam, ka ce mata gwaibar tsakar gida ta nuna, tsuntsaye ne kawai ke sha. Ruƙayyatu ta bar muku gaisuwa. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. In za ka ba ni amsa, ka cika takardar gaba da baya, ina da lokacin karantawa.

Ƙaninka mai kewarka,
Nuru