Ƙorafi kan Kabari Mai Lamba 214, Wanda Mutum Biyu Ke Ciki

Daga: Talatu Abdallah, uwar marigayi Hadi,
gida na uku bayan makarantar firamare, Aljirif, Khartum.

Zuwa: Mai girma Ustaz Ibrahim Khalil,
Shugaban Lajnar (Kwamitin) Sa-kai ta Mayar da Mamata Maƙabarta, Umdurman.

Litinin, 10 ga Nuwamba, 2025.

Game da: Na'urar ofishinku da ta ƙi karɓar suna biyu a kabari ɗaya, da tonon da aka sa ranar Alhamis, 20 ga Nuwamba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa.

A'a, ranka ya daɗe, ba a gyara ba. Takardarka ta ranar 6 ga wata ta iso, an karanta mini ita sau biyu. Ta ce an warware matsalata tunda sunan ɗana ya fito, kuma wataƙila ban fahimci yadda aikin yake tafiya ba. Na fahimta. Shi ya sa na dawo. Ni ban iya rubutu ba, maƙwabciyata Malama Munira ce take rubutawa, kwanakin wata ma ita take duba mini. Na ce ta sa da Hausa, don na san mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, kuma na san da harshen da take yi maka faɗa.

Ga abin da nake kuka a kai.

1. Ranar Talata, 13 ga Yuni, 2023, saura kwana goma sha biyar Babbar Sallah, ana cikin yaƙi, dana, wato harsashin igwa, ta faɗo a kaminar da ɗana Hadi yake gasa jan bulo a bakin kogi. Ta kashe shi, ta kashe Idirisu, leburan da yake masa dako. Idirisu baƙo ne, daga wani ƙauye can yamma, fari ya koro su. Shekara huɗu yana cin abinci a gidana. Ba shi da takarda ko ɗaya. Abin da na sani, sunan mahaifiyarsa Tayyiba. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa a ranar. Muka kai su filin makaranta, bayan aji huɗu. Masu haƙa su ne ni, da mata biyu, da wani tsohon malami. Ƙarfinmu bai kai rami biyu ba.

2. Malamin ya ce idan larura ta sa aka haɗa mutum biyu, wanda ya fi riƙe Alƙur'ani shi ake gabatarwa wajen alƙibla. Hadi ɗana ne, amma gaskiya ita ce a izifi biyu ya tsaya, su ma da bulala. Idirisu kuwa ya kusa sauka. Sai muka rarake gefen ramin ta wajen alƙibla, muka sa Idirisu ciki, muka toshe shi da jan bulo a jere, sannan muka kwantar da Hadi a bayan bulon. Ina roƙon mai girma ya riƙe wannan: wanda ya tono zai fara cin karo da Hadi, a gefensa ya ga bango, ya ɗauka ƙarshen kabarin ke nan. Malamin ya rasu bara. Matan biyu, ɗaya tana Gadarif, ɗaya ban san inda take ba. Saura ni.

3. Ranar Lahadi, 5 ga Oktoba, na zo ofishinku yin rajista, da aka ce za a kwashe mamata daga makarantu kafin yara su koma. Daga Aljirif zuwa Suk al-Arabi mota ɗaya, daga can zuwa Umdurman wata, ga ciwon gwiwa. Na ba da sunan Hadi, aka buga. Na ba da sunan Idirisu, aka buga. Takarda ta fito da Idirisu shi kaɗai. Aka sake, haka. Na biyu yana shiga, na farko ya ɓace. Aka kira muhandisa Mayada, injiniyar da take kula da na'urar. Ina so a rubuta cewa ba ni da ƙorafi a kanta. Ita ce kaɗai ta ba ni kujera.

Ta juyo mini da allon, ta nuna mini wani zane. Akwatuna ne da layuka. Wani akwati ta ce kabari ne, wani mamaci, ga layi a tsakaninsu, a kowane baki an sa lamba ɗaya. Ta ce ba mutum ne yake rubuta umarnin da ke shigar da sunaye cikin rumbun ajiyarku yana fito da su ba. Na'ura ce take kallon zanen, ta rubuta umarnin da kanta, shafi ɗari-ɗari, kafin a sha shayi. Abin da zanen ya ce, shi take bi. Zanen ya ce kabari ɗaya mutum ɗaya, don haka gurbin suna ɗaya ta yi. Na ce mata na gane, ai mazubin bulo ne. Shekara arba'in ina kallon ana buga bulo, mijina sannan ɗana. Yadda mazubi yake, haka bulo zai fito, ko dubu nawa ne. Ta ce haka ne, Hajiya. Sai ta shiga cikin rubutun da na'urar ta yi, ta gyara da hannunta, ta buɗe gurbi na biyu. Na tafi gida da takarda mai suna biyu.

4. Ranar Lahadi, 19 ga Oktoba, na dawo karɓar ranar tono. Takardar ranar ta fito da Idirisu shi kaɗai. Mayada ta duba, ta ce a cikin makon an ƙara wani akwati a zanen, na lambar wayar dangi. Duk sanda aka taɓa zanen, na'urar tana share tsohon rubutunta gaba ɗaya ta sake sabo, gyaran hannu ya tafi tare da shara. Ta ce har a saman shafin akwai gargaɗi kada a sa hannu, don ba zai kwana ba. Wato ta feƙe bulo ɗaya da wuƙa, mazubi yana nan yadda yake. Na tambaye ta me ya hana a gyara mazubin. Ta ce aikin minti biyar ne, a goge ɗaya a sa "da yawa", amma zanen na dukan unguwanni ne, ba a taɓa shi sai da sa hannun shugaba. Ta ce ta rubuto maka tun ranar 6 ga Oktoba. Ban ce ba ka karanta ba, ranka ya daɗe. Na dai lura akwatin lambar waya kwana ɗaya ya yi a teburinka ka sa masa hannu. Ta sake gyarawa da hannu. Wannan karon Idirisu ta fara sawa, sannan Hadi.

5. Ranar Lahadi, 2 ga Nuwamba, an sake ƙara akwati, na ko mota tana iya shiga wurin. Gyaran ya sake tafiya. Yanzu Hadi ne ya rage, Idirisu babu. Wannan shi ne warwarewar da takardarka take nufi. Sakatarenku ya taya ni murna, ya ce na yi sa'a nawa ne ya tsira. Sau uku ke nan na'urarku tana zaɓa mini, sau biyu ta zaɓi baƙo, sau ɗaya ɗana. Ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba. Wanda ya zo ƙarshe take riƙewa.

6. Na je na kalli masu tononku suna aiki a unguwar da ke kusa da mu, ranar Talata, 4 ga wata. Mutanen kirki ne, ba su da surutu. Takarda ɗaya, jaka ɗaya, sabon rami ɗaya a maƙabarta. Suna da kabari ashirin da wani abu a yini. Sun ɗauki abin da takarda ta ce, su mayar da ƙasa, su daddale, su wuce. Idan suka zo mini ranar 20 da takardar da ke nan yanzu, za su ɗauki Hadi, su ga bulo, su rufe. Idirisu zai zauna a ƙarƙashin inda yara za su yi layi da safe, ba suna, ba lamba, ba a cikin waɗanda aka sani ba, ba a cikin waɗanda ba a sani ba. Idan kuma kafin ranar wani ya sake taɓa zanen, aka juya, za su ɗauki Hadi su rubuta masa Idirisu a kai. In na ce su fasa bulon, to a wace jaka, a wane rami? Na tambaya, an ce babu.

Ba na kuka, ranka ya daɗe, kada a ɗauka hawaye ne ke magana. Tun ranar da na mayar da ƙasar nan ban sake yi ba, kuma ba don ƙoƙari ba, bai zo ba ne. Ina ci, ina sallah, ina share tsakar gida. Abu ɗaya ne kawai: wata rana wata mata mai suna Tayyiba za ta iya sauka daga mota ta tambayi inda ɗanta yake. Shekarata saba'in da huɗu. Ba lallai ta same ni ba. Takardarku za ta samu.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon waɗannan:

Na ɗaya, mai girma ya sa hannu a takardar muhandisa Mayada, a gyara zanen kansa, kabari ya iya ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Kada a sake sa ta gyaran hannu. Hannunta ya gaji, ƙafata ma.

Na biyu, a fitar wa kabari mai lamba 214 takarda mai suna biyu, Hadi Alu da Idirisu ɗan Tayyiba, da jaka biyu, da rami biyu kusa da juna in da hali, a kuma rubuta wa masu tono cewa akwai mutum a bayan bulon.

Na uku, a nemi duk waɗanda suka yi rajista kafin yau a sake tambayarsu mutum nawa suka sa. A layin ofishinku na ji wani dattijo daga Soba yana cewa uku ne a nasa. An ba shi takarda mai suna ɗaya, ya yi godiya ya tafi. Shi ma bai iya karatu ba, kuma ba shi da Malama Munira.

Idan abin bai yiwu ba kafin ranar 20, a ɗage tonon. Idan ba a ɗage ba, za a same ni zaune a kan wurin da tabarmata. Ba zan yi faɗa da kowa ba. Ba ni da nauyi, mutum biyu za su iya ɗaga ni. Ina dai sanar da ofis ne kada a ce ban bi ƙa'ida ba.

Jiya Lahadi, 9 ga wata, na sake zuwa, aka ce ka fita taro. Sakatarenka ya daɗe yana yi mini bayani a gaban mutane. Ya ce in karɓi ɗana in gode wa Allah, ya ce lajna ba ta da laifi, masu ilimi ne suka zauna suka yi zanen, kuma a lokacin babu wanda ya san akwai kabari mai mutum biyu. Na ce masa ni ma ban san da shi ba, ɗana, sai da na haƙa. Ya ba ni takarda fara, ya ce in rubuto maka. Ga ta.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin daidai, ya jiƙan naku da namu.

Mai biyayya,
Talatu Abdallah
(dangwalen babban yatsanta na dama)

Na rubuta yadda ta faɗa, na karanta mata, ta yarda.
Munira Zainul'abidin