Inda Shingen Ya Tsaya

Gure, Damagaram

Zuwa ga yayana Burahima, a Agadas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Fa'iza da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Na shigo Gure sayen maganin ƙafar Inna, na ce bari in rubuto maka kafin in koma ƙauye, don a waya kuka ke tare mini baki.

Yaya, rairayi ya shiga garkar Baba, lambun nan namu na dabino. Ka san tudun nan na gabas da kwarinmu, wanda muke gangarowa a kansa muna yara. Bara masu proje, na shirin taimakon ƙauyuka, suka zo a kafa shingen ƙirare don a tsai da shi, muka yi ta murna. Ni kaina na yi ta ɗaukar ƙirare a ka har wuyana ya ƙage. Aka faro daga manyan garake na mutanen cikin gari, ana zuwa ana zuwa, da aka iso bakin garakenmu na 'yan bayan gari sai aka ce ƙirare sun ƙare. Yanzu iska in ta bugi shingensu sai ta kewayo, ta juye mana nasu rairayin a kan namu.

Na je wajen Ɗan Kasuwa, konseye, wato kansilan da muka jefa wa ƙuri'a tun da ba mu da namu. Bai wulaƙanta ni ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya ce jama'a ce ta zaɓi inda za a fara, a taro. To, taron ranar kasuwar Gidigir aka yi shi, ranar da duk ɗan unguwarmu ke can yana sayar da kanwa. Masu yaran aike su suka zauna ƙarƙashin bishiya suka zama jama'a. Na ce masa kakanmu ya zo garin nan tun ba a haifi ubansa ba, har yaushe za mu daina zama baƙi? Ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri sai proje na gaba.

Rijiyar garkar ta cike da rairayi. Dabinon da Baba ya dasa, rairayi ya shaƙe su har wuya, saura guda, ita ma ya kai mata ƙugu. Kullum da safe Inna na jan ƙafa ta je da ƙwarya tana kwashewa daga gindinta. Na daina hana ta, amma raina na ƙuna.

Inna na sa maka albarka. Kawu Mamadu da Yabawa suna gaishe ka. Ka gaida Fa'iza, ka shafa mini kan Yahya.

Ga ɗan ƙullin dabino nan na haɗo da takardar, na wannan ta ƙarshen ne. Ka ba yara su ɗanɗana na kakansu. Kada ku zubar da ƙwallayen, Yaya, ka ajiye mana su.

Ƙanwarka,
Hamsatu