Rasuwar Ɗanmu Taha Chaibou, Mai Tsaron Gidan Ƙungiyar Makarantar Soja

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Zumunta ta 'Yan Damagaram Mazauna Faransa, a madadin Mai Girma Shugabanta, Alhaji Zaid Ɗanyaro, da majalisar dattawanta, da reshen mata, da reshen matasa na Paris da na Lyon, ta karɓi labarin rasuwar ɗanmu Taha Chaibou, ɗalibin hafsa mai karatun likitanci a makarantar soja da ke kusa da Lyon, kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta makarantar. Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Alhamis da ta gabata, yana da shekara ashirin da uku, bayan ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye. Abokan karatunsa, waɗanda su ma likitanci suke koyo, sun yi iya ƙoƙarinsu a kansa har aka kai shi asibiti, amma wa'adi ya cika. Likitoci sun ce zuciyarsa ce ta tsaya.

An haifi marigayin a La Courneuve, ɗa ne ga dattijonmu Alhaji Chaibou, telan da kusan kowannenmu ya taɓa zama a shagonsa na Goutte d'Or, da mahaifiyarmu Hajiya Zouera, tsohuwar shugabar reshen mata. Duk da cewa a nan ya tashi, Taha bai taɓa gai da babba a tsaye ba, kuma Hausarsa ta Zinder ce tsaf, har baƙi kan tambaye shi yaushe ya zo. Idan ya samu hutu ya hau jirgin ƙasa ya taho Paris, ba ya kwana biyu a gida sai an gan shi a Porte de la Chapelle wajen 'yan'uwanmu sababbin zuwa, yana duba mai tari da mai ciwon ƙafa, yana raka wanda ba ya jin Faransanci wajen likita domin ya yi masa tafinta. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika masallaci ranar jana'izarsa ba su san sunan mahaifinsa ba. Dokta kawai suke ce masa, shi kuwa kullum sai ya yi dariya ya ce da saura.

Alhaji Chaibou ya ba mu izini mu faɗa wa jama'a cewa da farko bai so ɗansa ya sa kakin soja ba, kuma an daɗe maganar tana da nauyi a gidan. Taha bai ɗaga murya ba, bai kuma fasa kiran mahaifinsa kowace Juma'a ba, ko da gaisuwar ba ta wuce kalma uku. Kakar wasan bana ce Allah ya sa ta zama sanadin daidaitawarsu. Ƙungiyar makarantar ta fara kakar da rashin sa'a, ana ta cin ta a gida da waje, sannan mai tsaron gidanta ya karye a hannu, aka rasa wanda zai maye gurbinsa. Taha, wanda ɗan wasan baya ne tun yana ƙarami, shi ya je ya sami mai horar da su, Kaftin Ilyes, ya ce a ba shi safar hannun. Wasansa na farko a raga an zura masa ƙwallo huɗu. Da labarin ya iso shago, maimakon Alhaji ya ce ai ya faɗa, sai ya rufe keken ɗinki ya ce ba za a bar yaro shi kaɗai a gaban raga ba. A makon da ya biyo baya ya sauka Lyon da babbar riga, ya zauna cikin sanyin Nuwamba a bayan ragar ɗansa, tazbaha a hannu, bai san dokar wasan ba sai dai ya ga an miƙe ya miƙe. Ranar aka tashi babu ci. Daga nan ƙungiyar ta farfaɗo, ta yi ta hawa har ta kai wasan ƙarshe na gasar makarantun soja, wanda za a yi a nan Paris ranar Asabar mai zuwa. Allah bai nufa Taha zai tsaya a ragar ba.

Ƙungiya na miƙa godiya ta musamman ga hukumar makarantar da ta rako gawar har Paris cikin girmamawa, da Kaftin Ilyes da 'yan wasansa, waɗanda suka zo ranar Litinin cikin kaki, suka tsaya shiru a bayan sahu har aka idar da salla, sannan suka nemi izinin dattawa su ma su sa kafaɗa a makara. Yawancinsu ba Musulmi ba ne, ba su kuma taɓa shiga gidan Bahaushe ba, amma da suka hau bene wajen gaisuwa a gidan Alhaji Chaibou sai muka ga takalmansu jere a bakin ƙofa ba tare da wani ya ce musu su cire ba.

A wannan zaman ne Kaftin Ilyes ya shaida wa iyalin cewa 'yan wasan sun yanke shawarar janyewa daga wasan ƙarshe, domin babu wanda zuciyarsa za ta iya. Hajiya Zouera, wadda tun ranar Alhamis ba a ji muryarta ba, ta sa aka fassara musu amsarta. Ta ce ɗanta bai gudu ba ranar da ake cin su, don haka kada a gudu da sunansa, su je su buga, ko an ci su ko sun ci ita ta yafe. Nan take Kaftin Ilyes da 'yan wasansa suka amince za su buga.

Saboda haka, bisa roƙon iyalin, Ƙungiya na sanar da cewa za a yi addu'a ga marigayin ranar Juma'a bayan salla a gidan Alhaji Chaibou da ke La Courneuve, reshen Lyon kuma zai yi tasa a daidai wannan lokaci. Ranar Asabar kuwa ana roƙon duk mai hali ya fito filin wasa, ba da kiɗa ba, ba da tuta ba, domin a ƙarfafa wa waɗannan matasa gwiwa. Wanda zai tsaya a raga ɗan ajin farko ne da bai taɓa buga babban wasa ba, kuma Hajiya ta ce a gaya masa yana da uwa a cikin 'yan kallo.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Alhaji Chaibou, da Hajiya Zouera, da ƙanwar marigayin, Malama Hamida, da dangi na nan da na Zinder, da malamansa da abokan karatunsa. Allah ya jiƙan Taha, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya karɓi hidimar da ya yi wa bayinsa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyayensa haƙurin da shi kaɗai ke iya bayarwa, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Sa hannu:
Malam Nouhou Mai Moussa
Kakakin Ƙungiyar Zumunta ta 'Yan Damagaram Mazauna Faransa
Paris, Laraba, 9 ga Afrilu, 2025