Ƙwayoyin da Aka Kwance a Bakin Mayafina

Zuwa ga Shugabar Makarantarmu, Madam Provisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da malamanmu baki ɗaya.

Sunana Zuwaira, 'yar ajin ƙarshe. Ba ki san muryata ba, domin shekara uku ina makarantar nan ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Amma tun Litinin ta makon jiya kowa ya san fuskata. Sau biyu na zo ƙofar ofishinki, na kasa ƙwanƙwasawa. Shi ya sa na rubuta, zan kuma liƙa a allon sanarwa, tunda a gaban jama'a abin ya faru.

Na farko, abin da ya faru. A wajen ɗaga tuta, malamin horo yana binciken jakunkuna, sai ya ga ƙulli a bakin mayafina. Ya kwance, ƙwayoyi uku farare suka faɗi a ƙasa. Ya tsince su, ya ɗaga sama, ya ce ga mai shan taramol, wai masu shiru-shirun nan su ne 'yan ƙwaya. Aka yi dariya. Na so in yi bayani, amma zuciyata ta shiga bugawa har ina jin ta a kunnena, hannuna yana rawa. Ya ce a duba, ga alamar ta fito. Aka kore ni sai na zo da mahaifina.

Na biyu, gaskiyar magana. Ina da ciwon fargaba. Tun bara zuciyata kan tashi da gudu ba dalili, numfashina ya sarƙe, in ji kamar zan mutu. Likita ya gwada zuciyar, ya ce lafiyarta lau, damuwa ce. Ya rubuta mini magani, kuma kowace Alhamis ina zuwa wajen wata ma'aikaciyar asibiti muna magana, tana koya mini yadda zan riƙe numfashi. Da taimakonta na iya zama jarrabawar da ta wuce har ƙarshe ban gudu waje ba.

Na uku, laifina. Ni na cire ƙwayoyin daga kwalinsu. Na ƙulle su a mayafi yadda Inna take ƙulle goro, don kada ƙawayena su karanta sunan maganin, su gane ɓangaren asibitin da nake zuwa. A unguwarmu, Ambassatna, mai irin ciwon nan ko a ce aljanu ne ko a ce taɓin hankali. Na ji kunyar ciwon, sai ga shi an ba ni sunan da ya fi shi muni.

Mahaifina mahauci ne. Maganar ta riga ni isa rumfarsa. Bai zage ni ba. Ya dawo gida, ya wanke hannu, ya ƙi cin abinci. Gobe zai zo da takardar likita, amma a ofis za a karanta ta, su kuwa waɗanda suka yi dariya suna waje.

Don haka ina roƙo, Madam. A mayar da ni aji, domin bak, jarrabawar kammala sakandare, ta matso, kwana takwas ke nan ban ga allo ba. A kuma faɗi gaskiya a wajen ɗaga tuta, inda aka faɗi waccan. Ban nemi a hukunta malamin ba. Sai dai duk wadda aka samu da magani, a kira ta gefe a tambaye ta tukuna.

Na san duk mai karanta wannan ya san ciwona yanzu. Amma ranar da na dawo, maganin zai zo a kwalinsa, da sunansa a jiki.

Allah ya ƙara miki lafiya da adalci, ya raya miki zuri'a.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Zuwaira